Ramar da Ban Shuka Ba

Abdulƙadir, Safiya, na sha jin ku kuna ba jikokina labarin tukwanen nan shida na shekarar da Umminku ta kwanta. Kuna cewa Abuya ya ga matarsa ba ta cin abinci, sai ya shuka mata rama a ɗakin ajiya don ta tuna gida. Duk sallah sai an maimaita, matan unguwa su dube ni suna jinjina kai, ni kuwa in sunkuyar da nawa kamar mutumin kirki. Shekara da shekaru ina cin wannan yabo ba tare da na yi gumin komai ba. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya fara yaji, gara in faɗa muku da bakina kafin wani ya faɗa da nasa. Ba rama na shuka ba. Wiwi na yi niyya, abin da nan ake ce wa hashish, kuma da niyyar ta tafi yadda na tsara da yanzu wani labarin kuke bayarwa, ƙila ma ba a ƙasar nan ba.

Ku yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a madrasa kafin malamin ya gaya wa mahaifina cewa kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya, kuma bai yi ƙarya ba. A unguwar Ammariyya ta Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo hajji da ƙafa ya zauna. Hausa a cikin gida na koya, gona kuwa ban taɓa shiga ba. Rama, kuka, kuɓewa, zogale, duk na san su, amma a busasshe, cikin leda, a hannun alhazai. A tunanina haka Allah yake fito da su. Umminku, Hansai, ita ce 'yar ƙauye ta gaske. Umra ta biyo gwaggonta tana budurwa, gwaggon ta rasu a nan, ita kuma ta tsaya. Takardunta ba su taɓa daidaita ba, yau an ce za a gyara, gobe mai gyaran ya ɓace. Shekara talatin da biyar tana kirana ɗan Jidda idan na yi wauta, ma'ana kusan kullum.

A shekarar da nake ba ku labari ina jan dabbab, ƙaramar motar kaya, a wani mashtal da ke Khumra, wurin da ake sayar da furanni da tukwane ga masu manyan gidaje. Mun koma wata shiƙƙa, wato sashen gidan bene, a unguwar Sharafiyya ke nan, wadda aka kama haya da sunanka, Abdulƙadir, tunda kai ne mai iƙama mai kyau, wato takardar zama, da kafili mai mutunci da ya tsaya maka. Ciwon ya fara mata a ƙugu. Ta ce sanyi ne, muka yi ta shafa man zafi. Da muka samu wani likita ya duba ta a ɗan asibitin kuɗi, sai ya kira ni gefe ya ce ciwon daji ne, ya riga ya shiga ƙashi. Ƙwayoyin da ya rubuta suna riƙe ta awa biyu ko uku. Masu ƙarfin kuwa sai babban asibiti, shi kuma sai da takarda. Ta daina ci. Matar da take cinye malmala biyu ta tambayi ko akwai ƙanzo, sai ga shi cokali uku na shurba ta kau da kai. Idan ciwon ya taso ba ta kuka, sai ta riƙa karanta sunayen ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai kiran su cin abinci. Ni wannan kiran ne ba na iya ji. Da ta fara sai in tuna ina da aiki a waje.

Akwai wani mai facin taya kusa da mashtal ɗinmu, Isuhu, mutumin Maraɗi, wanda ya taɓa zaga ƙasashe kafin ya faɗo nan. Wata rana da azahar muna shan shayi a inuwar kwantena na gaya masa halin da ake ciki. Ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Bakur, a ƙasar Turawa dokotoro da kansa ke ba masu wannan ciwo wiwi. Su ci abinci, su yi kwana."

"Ya shekh, kai ka san inda muke kuwa?"

"Na sani mana. Shi ya sa ba za ka saya a hannun kowa ba. Mai saye shi ake kamawa. Kai da ke cikin tukwane har wuya, ka shuka abinka a ɗaki, ka ruhe ƙofa."

Na ce masa Allah ya kiyaye, na tashi. Kwana huɗu bayan nan ni ne na koma na tsugunna gabansa. Ban tambaye shi inda ya samo ba. 'Yan ƙwayoyin iri ne ya miƙo mini a ƙulle cikin takardar sigari, ya nuna mini hoton ganyen a wayarsa, kamar hannu a buɗe da yatsu, ya ce idan na ga haka to an dace. Na san hukuncin abin a ƙasar nan, kowane yaro ya sani. Amma na gaya wa kaina tukunya shida ce kawai, a ɗakin da ba taga, wa zai gani? Ban tsaya na tambayi kaina sunan wa ke kan takardar hayar gidan ba. Wannan tambayar wata ce ta yi mini ita daga baya.

Sai na shiga shiri, kuma ban taɓa shirya wani abu a rayuwata da irin wannan natsuwa ba, har aurena. Ƙasar Jidda gishiri ce, ba ta fid da komai, don haka a mashtal da kokobit muke aiki, wato zaren ɓawon kwakwa da aka niƙa aka danne ya zama kamar bulo. Na ɗora dubunsa a mota, amma ban taɓa tsayawa na ga yadda ma'aikata ke jiƙa shi ba, ni dai direba ne. Na roƙi babba guda ɗaya a wurin mai kula da sito, na zo da shi gida a cikin buhun shinkafa, na saka a bahon wankin Umminku, na tuttula masa ruwa, na tafi sallar la'asar. Da na dawo abin ya kumbura ya cika bahon, ya hau, ya zubo, ya bi ƙasan bayi har bakin ƙofa, baƙi-baƙi kamar raƙumi ya kwana a wurin. Ina durƙushe ina kwasa da faranti sai na ji muryarta daga ɗaki.

"Malam, me ke ƙamshin damina a gidan nan?"

"Ba komai, Hajiya. Bututu ne ya toshe."

"Bututun da ya toshe ba ya ƙamshin ƙasa. Ɗan Jidda, me kake ɓarnatarwa?"

Na ce furanni zan gwada rainowa in sayar. Ta ce to, irin to ɗin da na sani, na wadda ta ajiye magana a gefe don ta huce. Na share ɗakin ajiya, na fitar da tsofaffin akwatuna da keken ɗinkin da ya mutu, na jera tukwane shida, na rataya fitila mai haske, na sa ƙaramar fanka. Na sayo kwaɗo na maƙala a ƙofar, makullin na rataye a ƙusar da ke bayan firij, inda duk gidan aka san ina ɓoye abubuwa. Ranar Alhamis da safe na tura ƙwayoyin cikin zaren kwakwar da yatsana, na ce bismillah, sannan na tsaya ina tunanin ko ya halatta a ce bismillah a kan irin wannan. Na bar ta dai, tunda ta riga ta fita.

Bayan 'yan kwanaki suka tsiro, duka shidan. Ni da ban taɓa fid da ko albasa ba, sai na ji kamar an yi mini haihuwa. Kafin in tafi aiki ina ciki, da na dawo ina ciki. Ina taɓa zaren in ji ko ya bushe, ina juya tukwanen, har magana nake yi musu da Larabci da Hausa don ban san wanne suke ji ba. Kuma ga gaskiyar da ta fi wiwin nauyi a wurina: ɗakin nan ya zama maɓoyata. Idan Hansai ta fara kiran ƙannenta, Lami, Talatu, Sale, sai in zare makulli in shige, in ja ƙofa, fanka ta rufe mini kunne. Ina gaya wa kaina magani nake haɗa mata. Kai Abdulƙadir ka taɓa tambayata me ke ciki, na ce kayan mashtal ne, ka ce ɗayyib ka wuce, domin kai ba ka taɓa zaton ubanka zai saka wuyanka a igiya ba.

Abu ɗaya ya dame ni. Ganyen farko da suka fito ba yatsu, faffaɗa ne kamar kunnen akuya. Na ɗauki hoto na kai wa Isuhu. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce ƙila irin ƙasar waje ne, in ƙara haƙuri. Ashe shi ma gwanin bai taɓa ganin abin a tsaye ba, a naɗe ya san shi. Da tsiron ya kai gwiwata sai ganyen sama suka fara tsagewa, uku, sannan biyar, hannu a buɗe sak irin na hoton. Na yi sujada a tsakanin tukwane. Karan yana da 'yar ƙaya mai kama hannu, na ce lalle wannan mai ƙarfi ne.

Wata Asabar da hantsi, ku duka kun fita, na tsinko ganye cike da tafin hannu na shiga wurinta. Na zauna a bakin gado. Na shirya jawabi tun a mota, yadda zan ce mata lalura ce, Allah ma ya san lalura. Ta rame sosai a lokacin, zoben aurenta ta mayar da shi babban yatsa. Na buɗe hannuna.

"Hajiya, akwai abin da zan gaya miki, kada ki tsorata."

Ta ɗauki ganye ɗaya, ta ɗaga shi wajen hasken taga, ta murza, ta shinshina, ta jefa a baki ta tauna. Na miƙa hannu zan hana ta, don Isuhu bai ce a ci ɗanye ba.

"Ta yi tsami," in ji ta. "Ta yi kyau. Ka ba ta ruwa yadda ya kamata."

"Wace ce ta yi tsami?"

"Ramar mana."

Na dubi ganyen, na dube ta. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka ciwon ne, ashe dariya ce, ta farko a cikin wata biyar, tana yi tana riƙe ƙugu tana cewa wayyo, tana ƙara yi. Hawaye na bin kuncinta.

"Shekara sittin da ɗoriya kana cin rama, ɗan Jidda, ba ka san fuskarta ba."

Da ta lafa ta ba ni labari. Tun ranar da na zo da ƙullin ta gan shi, domin ita ke zazzage aljihun tobina, wato jallabiyata, tun muna amarya da ango, ko tana kwance sai an miƙo mata ta lalube kafin a kai wanki. Ta san ƙwayar da gani ɗaya. A ƙauyensu akwai wani da yake ɓoye ta a tsakiyar dawa a bakin fadama, har ranar da aka zo aka tafi da shi. Ba ta ce mini komai ba, ta ce ta san ni, idan aka hana ni abu a baki sai in koma in yi shi a inda ba a gani. Sai ta aika wa wata Hajiya mai sayar da kayan miya a Ammariyya cewa tana son irin rama, ko kaɗan ne, aka kawo mata cikin ƙullin daddawa. Ranar Juma'a, washegarin shukata, da muka tafi masallaci ni da kai, Safiya kuma tana gidan mijinta, ta sauko daga gado. Tsakanin gadonta da ɗakin ajiya taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga daga baya. Ta tura kujerar roba a gabanta tana jingina, ta ɗauko makulli a bayan firij, ta zauna a ƙasa, ta tone tukwane shida da yatsunta har ta tsamo ƙwayoyina ɗaya bayan ɗaya, ta saka nata. Ta ce tun kiran sallah na farko ta fara, ba ta koma kan gado ba sai da ta ji hayaniyar mutane sun fito daga masallaci. Na tuna ranar. Mun dawo mun same ta jiƙe da gumi, ta ce zazzaɓi ne.

Ban san lokacin da na zame daga bakin gadon na zauna a ƙasa ba. Ta dafa kaina kamar yaro.

"Tashi ka tafasa ruwa. Akwai ƙuli-ƙuli a cikin gwangwanin madara, ka daka. Albasa rabi, kada ka cika barkono."

Tana kwance tana ba da umarni, ni ina kicin ina ƙona yatsu, har na haɗa kwaɗon rama na farko kuma mafi muni a tarihin Sharafiyya. Ta ci loma tara. Na ƙirga su. Da kuka dawo da yamma kuka ga kwanon, ita ce ta riga ni magana, ta ce ku ga abin da babanku ya yi mini, wata biyu yana ɓoyewa don ya ba ni mamaki. Safiya, ke kika rungume ni kina kuka. Daga nan labarin da kuka sani ya fara, kuma ba ni na ƙirƙire shi ba, na dai yi shiru.

Abin da ba ku sani ba ya faru bayan kwana biyu. Ta ce in rufe ƙofa, ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙwayoyin nan a cikin 'yar leda, ta sa mini a hannu. Ba ta zubar ba.

"Ga kayanka. Ban jefar ba, don kada ka ce na yanke maka hukunci. Ni ma ina son ciwon nan ya sauka, Malam, fiye da yadda kake so. Wata rana har nakan ce da na bar su sun tsiro. Amma gidan nan da sunan wa aka kama shi?"

Na dubi ledar da ke hannuna.

"Ranar da aka buga ƙofar nan, ni gawa ce, kai tsoho ne. Abdu za su ɗauka. In sun gama da shi su kai shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, su sauke shi a ƙasar da bai san kowa ba, Hausarsa ma rabi ce. Ka auna. In ka ga za ka iya, ga tukwane can."

"Ba na iya jin ki kina kiran su Lami," na ce. Ban taɓa faɗa ba sai ranar.

"Na sani. Ina jin ƙarar kwaɗon duk lokacin da na fara. Ina kiransu ne don ba kowa a ɗakin."

Kwana tara ƙwayoyin suna aljihuna. Na daina ba da tobin wanki. Ba zan yi muku ƙaryar cewa maganarta ta shige ni nan take na tuba ba, ubanku ba haka yake ba. Kullum ina lissafin yadda za a yi abin ba a gane ba, kullum lissafin yana ƙarewa a kan fuskarka, Abdulƙadir, kana ɗaure igiyar takalmi da safe kana cewa yalla Abuya, in sauke ka a hanya. A rana ta tara, wajen ƙarfe goma na safe, ciwon ya taso mata irin wanda ban taɓa gani ba. Ta cusa bakin matashi a baki. Ƙwayar likita ta riga ta sha, saura awa huɗu kafin ta gaba. Na fita, na buɗe ɗakin ajiya. Tukunya ɗaya mun riga mun cinye ramarta, ba komai a ciki sai zaren kwakwa mai laima. Na durƙusa, na huda rami da yatsa, na kwance ledar. Ta cikin bango na ji ta fara, Lami, Talatu. Ta tsaya. Sai ta ce Bakur. Ba Malam ba, ba ɗan Jidda ba. Sunana, wanda ba ta taɓa kamawa ba tun da aka ɗaura mana aure.

Na tashi na shiga kicin, na juye ƙwayoyin a ƙaramin turmin da na daka ƙuli-ƙuli, na dake su har suka zama gari, na wanke turmin a famfo, na bar ruwan yana zuba. Sannan na tafi wurinta da jiƙaƙƙen hannu.

"Ka shuka?" ta tambaya, da ƙyar.

"Na daka."

"To zauna."

Na zauna. Wata huɗu ta ƙara a duniya, kuma ba zan ce muku masu sauƙi ba ne. Ban sani ba ko abin nan da zai rage mata wani abu, ƙila da ya rage, ƙila Isuhu surutu kawai yake yi. Har yau nakan juya tambayar, ba ni da amsa, kuma ba na so ku ba ni. Na dai bar aikin mashtal, na kwaso tukwane biyar ɗin da suka rage na jera su a gaban tagar ɗakinta, inda take ganinsu. Wata rana ta ci loma biyar, wata rana biyu, wata rana ta ce in murza mata ganyen kawai ta shinshina. Idan ciwon ya taso sai in ba ta hannuna na hagu ta riƙe, mu kira sunayen tare. Na haddace su duka bakwai, mutanen da ban taɓa gani ba, har da Sale da ya rasu yana yaro. Wani lokaci in yi kuskuren jeri da gangan, ta buɗe ido ta gyara mini, ta ce Talatu ce ke bin Lami, kai dai ba ka da kai.

Kun sha tambayata me ya sami ƙaramin yatsana na hagu da ya karkace ba ya miƙewa, nakan ce ƙofar dabbab ce ta datse shi. Ba ƙofa ba ce. Wata Laraba ce da rana, saura mako uku ta rasu. Na ji lokacin da ya yi ƙaras a cikin damƙarta, ita ba ta ji ba, ni kuma ban zare hannun ba. Da ta dawo hayyacinta ta ga ya kumbura ta tambaye ni, na ce ƙofar mota ce. Ta daɗe tana dubana, sannan ta jawo hannun ta ɗora a ƙirjinta, ta ce in riƙa kula da ƙofofi, na tsufa.